Kwalba Ta Biyu

Dogon Dutsi, ran Talata

Yaya Rufa'i,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Ummukulsum da yara.

Shekaranjiya maigidana Is'haƙa yana bisa keken ɗinkinsa sai almakashi ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Daga Ɗan Kassari muka kawo shi asibitin nan. Lokotoro, wato likitan, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ko jijiya ce ta toshe cikin kai ko fashewa ta yi, sai na'urar hoto ta Yamai za ta faɗa. An auna jininsa, wai kitse ya yi yawa. Yaya, ka san mijina, haƙarƙarinsa duk a waje. Ina kitsen ya ɓuya?

Sai wata malama mai bincike ta roƙi kwalba ta biyu ta jininsa. Wai suna neman wata alama cikin kitsen jini da za ta riƙa nuna toshewar jijiya ba sai an je Yamai ba. Na tambaye ta ko wannan zai warkar da shi. Ta ce a'a, na baya zai amfana. Na dangwala yatsa bisa takardar yarda, har yanzu ban san dalilina ba.

Uwarsa ta ce doguwa ce ta taɓa shi, ni kuma na ba baƙi jinin ɗanta ba da yawunsa ba. Ta daina amsa gaisuwata. Laifi na yi?

Ƙanwarka,
Sahura

Dogon Dutsi, ran Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode.

Ba mu je Yamai ba, lokotoro ya ce hanyar za ta wahalar da shi. Yana shan kunu yanzu, amma magana shiru.

Jiya malamar ta komo neman jini karo na biyu. Na ce a tambaye shi da kansa, gaban uwarsa Inna. Malamar ta zauna ta yi masa bayani sannu sannu. Ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya.

Inna ta fita tana share hawaye. Da yamma ta aje mini tuwo.

Abin da ke cina, Yaya, tun da muka zo duk mai farar riga da ya matso gadon, haka yake miƙa hannun. Ban sani ba ko yarda ya yi ko sabo ne. Ban faɗa wa Inna ba. In Allah ya buɗe bakinsa, shi zan fara tambayarsa.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Sahura