Karacin da Tanwir Bai Je Ba

Baji Shamim,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar nan ta bar ki kina sallah a tsaye, kuma maigida da jikoki suna lafiya. Mu nan Jhang alkama ta yi kyau, saniya ta haihu. Na fara da waɗannan ne don sauran ba ya son fita.

Ɗana Tanwir bai je Karaci ba. Na san haka na gaya miki, haka na gaya wa liman da wanzaminmu, wanda gaya masa daidai yake da shela. 'Yan sanda ne suka ɗauke shi da sassafe a shagonsa, kan wani babur da aka kawo gyara, ashe na sata ne. Liyakat mai shayi kaɗai ya gani, na roƙe shi ya rufa mana asiri.

A makon ne dangin saurayin 'yata Rubina za su zo sa rana. Kin san mutanenmu, gidan da ɗan sanda ya taka ko ruwansa ba a sha. Sai na ce yayan amarya ya samu aiki a Karaci. Suka ci shinkafar biryani, uwar ango tana ta "Masha Allah, ɗan albarka!" Ni kuma ina gyara rawani.

Na ɗauka za su ɗan tambaye shi su sako shi. Har yau shiru. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Barkat

Baji Shamim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin nan bai matsa muku ba.

Rubina ce ta ja ni wurin lauya. Matar ta ce doka ta wajabta a kai duk wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana guda, kuma yana da haƙƙin ganin lauya da danginsa. Ta tambaye ni yaushe aka kama shi. Da na faɗa, sai ta cire tabarau ta dube ni kawai.

Kotu ta aika ma'aikacinta ya duba ofishin 'yan sandan, na bi shi. Babu Tanwir, sun kai shi wani wuri. Shugabansu ya sa aka kawo mini kujera, yana murmushi. "Baba ji, wa muka kama? Ku da bakinku kuka ce yana Karaci. Ko dattijo kamarku zai yi ƙarya?"

Ranar Juma'a na miƙe a masallaci bayan sallama na amsa wa shugaban nan a gaban jama'a, na ce ƙarya na yi, kama Tanwir aka yi. Wanzami ya kusa faɗuwa. Liyakat ya bi ni kotu ya yi rantsuwa kan abin da ya gani. Dangin ango sun aiko cewa za su sake shawara. Rubina ta ce su yi ta shawarar har su tsufa.

Jiya aka kawo shi gaban alƙali, aka ba da belinsa. Ba ya iya taka tafin ƙafarsa, a kafaɗata ya fito. A cikin keken da ya kawo mu gida ya ce, "Abba ji, sun ce ba wanda ya zo nemana. Na ce ƙarya suke, ba ku san Abbana ba."

Na ce wa direba ya bi a hankali, hanyar akwai ramuka.

Ki gaida kowa. In kin zo, kada ki tambaye shi komai a gabana.

Ƙaninki,
Barkat