Sunan da Muka Daina Kira

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri a duk inda Allah ya ajiye ka, ƙanwarka Hadiza ce daga Woodbridge. Ka bar ni ban san ko baƙi ɗaya ba, sai da na zo ƙasar nan da 'ya'ya a hannu na koya. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ina sanar da kai 'yata Mariyama ta sauka lafiya, namiji, an raɗa masa sunanka ranar Asabar. Ita ta roƙi mijinta. Ba ta shawarce ni ba, don ta san abin da zan ce.

Abin da ta sani game da kai kaɗan ne: kawunta malamin lakwal ne a Damagaram, ya yi magana kan hatsin taimako da sojoji suka karkatar, jandarmomi suka zo da hantsi suka fitar da shi daga aji. Abin da ya biyo baya ne na kasa gaya mata.

Babu wanda ya zo ya ce mu yi shiru, Yaya. Mota ce kawai take tsayawa a bakin layinmu, wani lokacin ma ba kowa a ciki, unguwa duka ta kama bakinta. Mai shayin da kake zama wurinsa ya ɗauke bencin. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Zaman makoki ma ba mu yi ba, don karɓar gaisuwa tamkar cewa ne an kashe ka, daga nan kuma sai a tambayi wa ya kashe.

Sunanka ya ɓace a gidan. Inna takan ce, "Ɗan fari ne, ai ba na faɗa." Gaskiyarta, amma sai kowa ya laɓe bayan alkunyarta, har Baba, har abokanka. Baƙo ya shigo ya ce gidan nan akwai tarbiyya. Haka sojoji suka mulke mu. Mutum ɗaya suka ɗauka, sauranmu muka zama masu gadin junanmu.

Sojojin nan sun daɗe da sauka, da yawansu sun mutu. Amma har yau in na shiga kantin 'yan ƙasarmu a Wheaton na tarar da direbobi suna gardamar siyasar gida, sai in ajiye abin da na ɗauko in fita. In motar 'yan sanda ta biyo bayana, sai in rage gudu har ta wuce ni. Na gaji, Yaya. Da na yi wa ƙaninmu Sani maganarka a waya, cewa ya yi me za a tono, ɗansa na neman aikin gwamnati, kuma 'ya'yan waɗancan mutanen ne a ofisoshin.

Shi ya sa na shirya wa jaririn Mariyama laƙabi, mu riƙa ce masa Kawu. Ranar suna, falo cike da mata, wata Hajiya Bakanuwa daga Clinton ta tambayi wa aka yi wa takwara. Na fara cewa Kawu, sai Mariyama ta ce da Hausarta mai tangarɗa, "Mama, sunansa za mu kira."

Sai da na dubi taga. Motocin baƙi ne kawai a jere. Na ce Issufu. Hajiya ba ta ji ba, na ƙara faɗa da ƙarfi, na ce yayana ne, an tafi da shi bai dawo ba. Ta ajiye farantinta ta yi mini ta'aziyya, sauran matan suka bi ta. Ga jariri ana ta miƙawa hannu zuwa hannu, ga ni ina amsa gaisuwar mutuwa.

Kada ka zaci na warke. Mariyama tana son ta sa wasiƙar nan inda mutane za su karanta. Na ce ta bar sunanka, amma ta cire sunan unguwarmu, saboda Sani. Iyakar ƙarfina ke nan a yanzu.

In kana raye, Allah ya sada mu. In ka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da Inna. Allah ya raya takwaranka, ya sa ya girma bai koyi duban taga kafin ya yi magana ba.

Ƙanwarka,
Hadiza