Aƙilu Ya Tafi Dakar

Abijan, 9 ga Maris, 1986

Zuwa ga yayana Jima, a Keita.

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe mini da Zali da yara.

Ka tambaya don mi ba ka ƙara jin sunana ga rediyo ba. Ka san tanis ɗin da nike bugawa na mutum biyu ne a gefe guda, kamar shanun garma, ɗaya ba ya ja shi kaɗai. Shekara tara muna bugawa tare da Aƙilu, ɗan garin Buza. Da gwiwarshi ta lalace, wani ɗan Senegal ya zo har ɗakina ya ce mu haɗu mu riƙa bugawa tare. Na ce mishi mu mutanen Adar ba mu barin abokin tafiya kwance. Damina biyu ban buga gasa ba, ina goya Aƙilu zuwa wurin likita.

Ya warke, alhamdu lillahi. Watan jiya ya tafi gasar Dakar da ɗan Senegal ɗin nan. Aƙilu ya ce mini, "Yaya Kalla, hannunka ya yi sanyi, kai ma ka sani."

Abin haushin, gaskiya ya faɗi. Amma kar ka damu, ina ci ina sha, kafaɗar ce kawai ba ta ɗaga raket, sandar bugun ƙwallon, bisa kai.

Na ji proje, aikin gyaran ƙasa na nan Keita, na ɗaukar masu jera duwatsu bisa tudu. Kar Inna ta ji tukuna ina son dawowa gida. Ka tambayo mini ko suna karɓar mutum shi kaɗai.

Allah shi bar zumunci.

Ƙanenka,
Kalla