Ni na sauke wayar daga ƙusa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a kai ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya isa.

Mijina direban ambilans ne a nan Filinge. An ba shi wata salula ta aiki, ita likitocin ƙauyuka ke kira idan akwai wanda za a ɗauko. Gidanmu a gindin dutse yake, rezo, wato sabis ɗin waya, bai shiga ɗakuna, wuri guda yake kamawa: wata ƙusa a bakin zaure, can wayar take rataye. Ta yi ƙara yana cin tuwo, ya tashi da miya a hannu. Ranar da aka rufe mahaifina yana hanyar Bonkuku. Ƙannena har tsokanata suke, wai in ina son ganinsa in kwanta in ce ciwo a kira shi. Ina dariya, amma abin yana cina.

Sai na haihu, mace, bayan dogon jira. Ranar suna da hantsi ya shiga ya canza kaya, ya fita wurin maza da babbar riga. Na dubi ƙusar nan, na ce a raina yau ɗaya dai, duniya za ta tashi ne? Na sa mayafi kamar zan gaida baƙi, na sauke wayar na jefa a aljihun rigar aikinsa da ke ƙuryar ɗaki. Ban kashe ta ba, wai don in ce ban yi komai ba. Kun ji wayon banza?

Ya wuni tare da mu, ya ɗauki 'yarsa yana ta murna. Da la'asar sai ga majo, shugabansu, a ƙofar gida. Daga tsakar gida na ji shi: "Ina ka shiga? Tun hantsi aka kiranka! Mace na can wajen Damana, haihuwa ta gardama, a amalanke anka ɗauko ta!" Matar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Mijina ya shigo yana lalube, ya ciro wayar daga aljihun rigar, ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Ni na bar ta nan da zan canza kaya. Wayyo ni." Ina zaune da jaririya a cinya, na buɗe baki na ce, "Ƙaddara ta, Malam." Wallahi kalmar nan ta fi sauke wayar ƙona min rai.

An dakatar da shi, daga baya aka mayar da shi, yanzu wayar majo ma ana kira idan tasa ba ta shiga ba. Ya je har ƙauyen ya durƙusa gaban mijin matar, mutumin ya ce ya yafe. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya rame. Alwala yake yana waiwayen ƙusa. Abin da ya sa na rubuto kuwa, tun ranar bai sake ɗaukar 'yarmu ba. Yanzu tana rarrafe, ta kama ƙafar wandonsa, ya zame a hankali ya fita. Na yi masa magana, ya ce, "Ki yi haƙuri. In na ɗauke ta, ɗan mutane nika gani. Ina can ina rawar kai da tawa, nasu na mutuwa."

In na faɗa, wace fuska zan nuna masa, ni da na zuba ido yana ɗauke da kayana wata da watanni? Zai iya sallamata, kuma ba zan ga laifinsa ba. In na yi shiru, yarinyar nan za ta tashi tana miƙa wa ubanta hannu yana kau da kai, a kan laifin da ba nasa ba, ba nata ba.

Jiya ta fara cewa "Baba". Ƙusar take kallo in tana faɗa, don nan ta saba ganinsa tsaye.

Jama'a, me zan yi?