Lambar da ke Gindin Gora

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Adana Tumatir ta yankin Ikara, Makarfi da Kudan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran shugabanni, Allah ya sa haka, amin.

Sunana Shehu Ɗanjuma, mutumin Kurmin Kogi. Ban gaji fadama ba, ban gaji ko akuya ba. Da dakon kwandon tumatir na fara a Ikara. Na sayi keke, keke ya zama babur, yau ina da fadamata da injin markaɗe biyu, kuma rijiyar da unguwarmu ke sha ni na haƙa. Babu ɗan'uwa ko ɗan siyasar da zai ce ya ɗora mini hannu. A aji uku na sakandare na tsaya, sauran duk da idona na koya. Na faɗi haka ne don a san mai wannan takarda ba mai saurin sunkuyar da kai ba ne. Yau kuwa a sunkuye nake.

Na farko, ga abin da ya faru. Matan garinmu, ƙarƙashin Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, sun daɗe suna dafa markaɗaɗɗen tumatir su ɗura a kwalaben gilashi, su sake tafasa kwalaben a tukunya, ya kai su har damina. Bana kwalba ta yi wuya. Ni na ce a koma gorar roba. Na juya gindin gora na ga lamba a cikin wata 'yar alama mai kusurwa uku, wata ɗaya, wata biyu, wata biyar. To, Ranka ya daɗe, a kasuwarmu me ake nufi da lamba ɗaya? Shinkafa lamba ɗaya, atamfa lamba ɗaya. Na zauna da hannuna na tsince masu ɗaya, na watsar da saura a matsayin na banza.

Gwaggo ta matsa ɗaya da yatsa ta ce, "Shehu, robar nan ba ta yi mini kama da mai jure wuta ba." Na ce mata, "Gwaggo, ni fa na yi makaranta." Haka na faɗa, a gaban surukanta. Allah ya yafe mini.

Ana ɗura tumatir da zafinsa goruna suka fara lanƙwashewa, waɗanda aka sa a tukunya suka ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Waɗanda suka tsira, wuyansu ya saki, iska ta shiga, kafin mako ya zagayo sun yi kumfa suna tsami. Wahalar rani guda ta tafi bola.

Na biyu, wanda ya ganar da ni. Malam Isiya ne, dattijon da ke sayen tsofaffin robobi a kasuwar Kudan, wanda bai taɓa zama a bencin makaranta ba. Da na nuna masa gorar sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Maigida, wannan ai ba daraja ba ce, dangi ne. Kowace roba da gidansu." Ya ce lamba ɗaya ita ce garai-garai ɗin nan ta ruwa da lemo, abin sanyi take so, da ta ji zafi sai ta tsuke. Lamba biyu ita ce mai kauri wadda ba a ganin ciki, ta jarkar mai da madara da sabulun ruwa, amma da ita ake gorar maganin feshi, don haka wadda ba ka san abin da ta taɓa ɗauka ba, kada ta kusanci abinci. Uku ta bututu ce, babu ruwanta da baki. Huɗu mai laushi ce, dangin leda. Biyar, wadda na fi rainawa, ita ce mai jure zafi, da ita ake murafe da robar zuba abinci. Ya ƙare da cewa abin da za a tafasa a ajiye wata da watanni, gilashin da tsofaffin nan suka sani shi ne daidai.

Na uku, kuma shi ne kukana da ku. A taron da aka yi a Makarfi, sakatarenku ya karanta cewa asarar ta faru ne saboda sakaci da rashin tsaftar matan Kurmin Kogi, aka yanke a cire su daga rabon kwalabe da horon baɗi. Wa kuka aiko ya tambaye su? Babu. Takardar bayanin robobi da kuka raba mana ma da Turanci take, cike da gajerun haruffa. Na karɓa na gyaɗa kai kamar na gane, na ninke na sa a aljihu.

Amma ba zan ɗora muku duka ba. Ina zaune a sahun gaba, a kan kujera, ranar da aka kira su ƙazamai. Gwaggo tana baya a tabarma. Sau ɗaya ta dube ni, ta gyara mayafinta. Ta rufa mini asiri, ni kuma na bari. Har yau ita ke fara aiko mini da gaisuwa, na kasa taka zaurenta.

Ga roƙona. A mayar da matan nan cikin rabo da horo tun kafin a dasa tumatirin baɗi. A fassara takardar nan da Hausa, a karanta ta da baki a kowane gari, kuma a gayyaci Malam Isiya ya zo da buhun robobinsa ya nuna. Sannan a soke kalmar ƙazanta daga rahotonku, a rubuta sunan mai laifi a gurbinta. Ban yarda a ce "wani mamba" ba. A rubuta Shehu Ɗanjuma, Kurmin Kogi, a karanta da ƙarfi a taro mai zuwa, matan suna wurin. Zan miƙe tsaye in an kira.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama shugabancinka babu haƙƙin kowa a wuyanka.

Wassalam.

Shehu Ɗanjuma,
Kurmin Kogi.