Mai Riƙe da Igiyar

Zuwa ga Ikilima, matata, gawona mai inuwa a tsakiyar rani, ruwan sabuwar randa a maƙogwaron matafiyi!

Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuto miki daga ƙarƙashin kamyona, babbar motar kayan da nake tuƙawa, nan tashar manyan motoci ta Gaya. Wata huɗu ke nan ina jiran takarda guda ta ƙetare iyaka wadda kullum ake ce mini sai gobe. Na ji saƙon muryarki. Kin ce kin gaji, in Sallah ta zo ban dawo Tasawa ba, za ki tattara ki koma ɗakin mahaifiyarki. Sau tara na saurara, wai ko zan tsinci wasa a ciki. Ban tsinta ba.

Finafinan da kika cika mini salula da su ranar da zan taso, duk na kalle su, har da maimaici. Wallahi sun gundure ni, ke 'yar nan! Mutum ya sa riga mai matse jiki, ya tashi sama kamar shirwa, ya tsallake ƙasa bakwai kafin shayi ya huce, ba wanda ya tare shi ya ce ina takardunka. Ya rushe gari guda wajen ceton gari, ba a nuna mana wa ya share ɓaraguzan. Ko gumi ba ya yi! Ni kuwa ga Kogin Isa a gabana, ina hangen garin Malanbil a ƙetaren iyaka kamar in miƙa hannu, masu kwale-kwale na ta kai da kawowa, motata ko taku ɗaya. In ce me da mai fiffiken ƙarya?

Amma ba zan zalunce su ba. Launinsu da kyau, dodanninsu har tsikar jiki suke tayarwa. Akwai wani ma da jarumin ya cire abin rufe fuskarsa, ya zauna bakin hanya ya dafe kai. Nan kam na gane shi, ɗan'uwana ne.

Ni dai tsofaffin nake so. Kin tuna, ya farin watan zuciyata, muna sabon aure, ranar da na aro kaset muka kalla da la'asar a zauren yayanki Yunus? Jarumi ya yi tsalle zai haye dutse, sai ga igiya ƙiri-ƙiri a bayansa. Kika fashe da dariya har ɗankwalinki ya zame. Na yi fushi, na ce kin ɓata mini fim. Kika ce ai mai ƙarfin ba wanda ke sama ba ne, wanda ke ƙasa ne, mai riƙe da igiyar, hannu na zafi, ba a ko nuna fuskarsa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar maganar nan wasa!

Na yau ba su da igiya. Na'ura ce ke zana su, ba mai riƙe su, shi ya sa in sun faɗo ba na jin komai. Ni fa? Kotonu, Agadas, Dosso, ina ta shawagi, ana ce mini namijin duniya. Wa ya riƙe ni? Wa ya yi jinyar tsohuwata da damina? Wa ke amsa wa Fadima in ta ce Baba ya manta hanyar gida ne? Tafin hannunki ya sale, ni ko sau ɗaya ban juyo na duba ba. Kina da gaskiya, Ikilima. Da ɗaci, amma gaskiya ce.

Ba zan ce ki ƙara haƙuri ba, kalmar nan ta tsufa a bakina. Jiya na kira mai motar, na damƙa wa abokin aikina Dodo makulli. Ko a mayar da ni aiki, ko kar a mayar, oho. Ran Alhamis zan hau motar haya. Ban iya tashi sama ba, kan kujerar baya zan zo, ta Dosso, ta Ƙonni, ta Maraɗi, da ciwon ƙugu da furfurar da ba ki san da ita ba.

Ki riƙe ta kwana uku kawai, ya sanyin idona. Kar ki saki. In na iso ki miƙo mini bakin igiyar, ki zauna ki huta.

Naki, a sama ko a ƙasa, har ranar da za a rufe ni,
Zahradeen