Ranar da Jirgin Madrid Ya Ja da Ni

Whitechapel, London

Zuwa ga Yaya Damata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, sai maigidan da ke ta mitar hawa benen gidanmu, ya kuma ƙi yarda tsufa ne.

Kada ki yi dariya, Yaya, ƙanwarki ta koma makaranta da furfura. Kin san yaron nan naku, ɗan farina, tun da ya yi aure a Madrid yake zaune, 'yarsa Muhibbat kuma ta tashi da Sifaniyanci a baki. In mun yi waya sai dai mu yi ta murmushi muna kallon juna. Shi ya sa na shiga ajin Sifaniyanci da council, hukumar unguwarmu, ke yi ranar Asabar. Gaisuwarsu ba wuya: hola, buenos días, shi ke nan, ba mai tambayarki gajiya balle mutanen gida. Su ma kowane abu ko mace ne ko namiji, kamar namu. Turawan ajin na ta kuka da haka, ni kuwa ina gaba, sai dai teburi a wurinsu mace ce, har yau abin bai kwanta mini ba. Rana ɗaya kawai na ji nauyi, da malamar ta ce kowa ya faɗi sunayen 'ya'yansa. Na faɗi Zailani da Anatu, na tsallake babban. Ta ɗauka mantuwa ce.

Watan jiya na je wurinsu. Na ɗauka wadda ta haura shekara talatin tana hawa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, ba abin da na Madrid zai nuna mata. Ashe nasu sai an danna maɓalli ƙofa ke buɗewa. Da muka iso tasharmu yaron ya fita ta wata ƙofar da keken yarinyar, wayata tana cikin jakar da ke rataye a keken. Ni na tsaya gaban tawa ina jira, mutane sun cika tsakani. Ina hango ƙeyarsa, kira ɗaya zai juyo. Wallahi sunan ya zo har bakina, kunyar ɗan fari ta riƙe shi. Na ce kai, na ce yaro, hayaniya ta cinye. Jirgi ya ja da ni.

A tasha ta gaba na sauka, na gaishe da wata tsohuwa da ɗan abin da na koya, na faɗa mata sunan tasharmu, ta riƙe hannuna har ɗaya gefen, na hau jirgin komawa. Na same shi idanunsa jawur. Ya tambaye ni me ya hana ni kiransa, na ce ai ya san ba na faɗin sunansa. Sai ya ce ya sani, dalili ne bai taɓa sani ba. Wai tun yana firamare a nan yake jin iyaye na kiran 'ya'yansu a bakin makaranta, ya kuma ji ina kiran ƙannensa, sai ya ɗauka wani laifi ya yi mini tun yana ƙarami.

Yaya, na yi kuka. A gida kowa ya san wannan shirun ƙauna ce, ga kakanni da gwaggonni da za su gaya wa yaro. Ni al'adar na ɗauko, na baro masu yi masa bayani. Shekara talatin da biyu yana ɗauke da wannan ban sani ba. Zai zo da Sallah, kuma na yi niyyar in tare shi da sunansa a bakin ƙofa. Ina gwadawa ni kaɗai a kicin, har yanzu bakina bai saba ba. Kada ki yi mini faɗa, ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe mini da Malam, da Kawu Issahaku, da Ahmad da amaryarsa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Yelwa, uwar Abdul-Basit